Yadda Ake Shirya Malaman Sakandare Su Koyar da Tattalin Arziki Mai Zurfi

Tambayar da shugabannin makarantu da shugabannin sashe suka fi yawan yi mini ita ce: mun yanke shawarar buɗe ajin tattalin arziki mai zurfi ga manyan ɗalibai, muna da malamin da ya daɗe yana koyar da darasin a matakin farko, ta ina za mu fara shirya shi? Wasu kuma malaman ne da kansu, an wayi gari an miƙa musu manhaja mai kauri an ce zango mai zuwa su ne a aji. Ga tsarin da nake bi idan an haɗa ni da malamai kamar 12 kuma akwai wata 3 kafin a koma makaranta.

Duk matakan a kan abu ɗaya suke tsaye. Abin da za a nemi ɗalibi ya yi ranar jarrabawa, sai malami ya fara yin sa da hannunsa, a gaban abokan aikinsa, cikin ƙayyadadden lokaci. Bitar da malamai za su zauna su saurari lacca kwana 5 su karɓi takardar shaida, na sha ganin irinta, kuma ranar Litinin kowa yana komawa kan tsohon littafinsa ne.

1. Tsayar da manhaja kafin komai

Darasin mai zurfi ba iri ɗaya ba ne, kuma kowace hukumar jarrabawa da abin da take nema. A tsarin AP (Advanced Placement) na hukumar College Board ta Amurka, darasin kashi biyu ne: ƙaramin tattalin arziki, wato na kasuwa da kamfani da mai saye, da babban tattalin arziki, na ƙasa baki ɗaya. Kowanne jarrabawarsa daban: tambayoyin zaɓi 60 cikin minti 70, sai tambayoyin rubutu 3 cikin awa ɗaya, kuma sakamako daga 1 ne zuwa 5. A tsarin IB (International Baccalaureate), ƙaramin mataki awa 150 ne na koyarwa, babba awa 240, kuma ɗalibi zai rubuta sharhi 3 a kan labaran jarida, kowanne bai wuce kalma 800 ba. Tsarin Cambridge mai lamba 9708 takardu 4 gare shi, biyu na zaɓi, biyu na nazarin alƙaluma da dogon rubutu.

Malamin da aka horar don AP zai ƙware a zane da lissafi mai sauri. Na Cambridge ko IB sai ya iya koyar da rubutun muhawara, inda ɗalibi zai auna ɓangare biyu ya yanke hukunci. Saboda haka a sauke manhajar shekarar da ɗaliban za su zauna jarrabawa daga shafin hukumar, a buga wa kowane malami tasa, tare da tambayoyin shekara 3 da suka wuce da tsarin ba da makinsu.

Hattara: a duba shekarar da ke jikin manhajar. Hukumomin nan suna sabunta ta lokaci zuwa lokaci, kuma tsohuwar tana nan tana yawo a intanet. Sannan wasu suna da sharaɗi: College Board ba ta yarda makaranta ta kira darasi AP ba sai malamin ya miƙa tsarin darasinsa an amince. A fara wannan takardar tun watan farko.

2. Kowane malami ya zauna jarrabawar

Wannan shi ne matakin da shugabanni suka fi jin nauyinsa, kuma shi ne ba ya tsallakuwa. A ɗauko cikakkiyar takardar jarrabawar bara, a zaunar da malaman a ɗaki ɗaya, a sa agogo, ba littafi ba waya.

Yadda ake gabatar da shi yana da muhimmanci ƙwarai. Mutumin da ya shekara 15 yana riƙe da alli ba ya son a tona shi a gaban yaran da suka shigo aiki jiya. Don haka kowa ya rubuta lamba a takardarsa maimakon suna, mai horarwa kaɗai ya san mai lambar, kuma a faɗa da babbar murya cewa sakamakon ba zai je ofishin shugaban makaranta ba. Mai horarwa shi ma ya zauna ya rubuta tare da su. Ni kan yi, kuma nakan nuna musu inda na zubar da maki.

Bayan an duba, a yi jadawali: kowane layi batu ɗaya na manhaja, a rubuta mutum nawa suka faɗi a kai. Wannan jadawalin shi zai tsara sauran horon. Abin da na saba gani: masu digirin tattalin arziki sun san ma'ana amma hannunsu ya yi sanyi a zane. Waɗanda suka fito daga lissafi suna samun amsa amma ba sa iya bayyana ta da magana. Waɗanda suka fito daga tarihi ko nazarin gwamnati suna da rubutu mai daɗi, sai dai da sun ga kaso cikin ɗari sai su fara kame-kame. A haɗa su biyu-biyu, mai ƙarfi a wani fanni da mai rauni a cikinsa.

Hattara: kada a yi amfani da sakamakon a kori wani daga shirin. In aka yi haka sau ɗaya, baɗi ba wanda zai rubuta da gaskiya.

3. Kasafi da kayan aiki

Abin da ya fi cin kuɗi shi ne lokacin malamai. Idan bitar ta faɗo cikin hutu, sai an biya su alawus. Idan cikin zango ne, sai an samo wanda zai riƙe azuzuwansu. Malamai 12 a bitar kwana 5 ta awa 6 a rana, awa 360 ke nan na aikin mutane, ban da zaman bibiya na cikin shekara. A lissafa wannan da farko. Bayansa sai ladan mai horarwa, sai kuɗin rajista idan za a tura wani bitar da hukumar jarrabawa ke shiryawa, sai littafin darasi guda ga kowane malami, sai buge-bugen takardu, wanda kullum yakan zarce abin da aka yi zato.

In kuɗi ya gaza, a tura mutum ɗaya bitar hukuma da sharaɗin ya dawo ya koyar da sauran. A rage komai amma kada a taɓa kuɗin zaman bibiya.

Kayan aiki ba su da yawa: allo babba, ƙananan alluna na hannu ɗaya ga kowa, alƙaluman allo kala 3, takardar giraf, rula, kalkuleta irin wadda hukumar ta yarda a shiga da ita, katuna na kwali, da kwamfuta ɗaya mai Excel ko makamancinta ga kowane mutum biyu. Majigi yana da amfani wajen alƙaluma, amma wajen zane a kashe shi.

4. Ranar farko: lissafi

Ba a buƙatar lissafin jami'a. Abin da ake so shi ne sauyin kaso cikin ɗari, gangarar layi, warware lissafin layi biyu da suka haɗu, da fāɗin alwatika. Matsalar ita ce malamai da yawa sun san waɗannan a takarda amma ba su san inda suke yaudara ba.

Misalin da nake farawa da shi kullum na sassaucin buƙata ne, wato yadda masu saye ke ja da baya idan farashi ya tashi. Farashin kaya ya tashi daga 40 zuwa 50, abin da ake saye ya sauka daga 100 zuwa 80. Rabin ɗaki su lissafa hawan: saye ya ragu da kashi 20, farashi ya ƙaru da kashi 25, amsa 0.8. Ɗaya rabin su lissafa saukar daga 50 zuwa 40: saye ya ƙaru da kashi 25, farashi ya ragu da kashi 20, amsa 1.25. Wuri ɗaya a kan layi ɗaya, amma waɗannan sun ce buƙatar ba ta da sassauci, waɗancan sun ce tana da shi. A bar su su yi gardama minti 5. Sannan a nuna hanyar tsakiya, inda ake raba sauyin da matsakaicin lambobin biyu: 20 bisa 90, da 10 bisa 45, dukansu kusan kashi 22, amsa 1. A ƙarshe su ninka farashi da adadi: 40 sau 100 ya ba da 4,000, haka ma 50 sau 80. Ciniki bai motsa ba, kuma abin da amsar 1 ke nufi ke nan.

Hattara: hukumomi sun bambanta a hanyar da suke so. A duba tsarin ba da maki a ga wacce ake karɓa, a koyar da ita a matsayin ta farko.

Da rana a yi fifikon kwatance a cinikin ƙasa da ƙasa. Ma'aikacin ƙasa ta farko yana ɗinka riga 6 ko ya ƙera kujera 3 a rana, na ƙasa ta biyu riga 2 ko kujera 2. Ta farko ta fi a komai. Amma kujera ɗaya tana ci mata riga 2, ita kuwa ta biyu riga 1 kacal. Don haka ta biyu ta ƙera kujeru, ta farko ta ɗinka riguna, a yi musaya tsakanin riga 1 da 2 a kan kowace kujera, kowa ya amfana. Kowane malami ya ƙirƙiro nasa lambobin ya ba na kusa da shi ya warware. Ƙirƙirar lambobin da za su fito daidai ita ce fasahar da zai fi buƙata cikin shekara.

5. Rana ta biyu da ta uku: zane da hannu

A nan gizo yake saƙa. A lissafo duk zanen da manhajar ke buƙata, a manna jerin a bango. Kowane malami zai zana kowanne a ƙaramin allonsa, daga allo fari, cikin minti 2, yana magana yayin da yake zanawa. Tsarin bai canzawa: sunan layin tsaye da na kwance, sannan layukan da sunayensu, sannan mahaɗar farko, sannan abin da ya faru, sannan kibiya, sannan sabuwar mahaɗa. Kala ɗaya na farko, kala ta biyu na sauyi.

Wata rana wata malama, wadda ta fi kowa shekaru a ɗakin, ta fito allo. Na ce mata, "Malama, kuɗin kayan da masana'anta ke sarrafawa ya tashi. Nuna mana." Ta matsar da layin samarwa zuwa hagu, daidai. Farashi ya hau, daidai. Sai ta ce, "Tunda farashi ya hau, buƙata za ta ragu," ta ɗauki jan alƙalami ta matsar da layin buƙata shi ma zuwa hagu. Farashi ya dawo inda yake. Ta tsaya tana kallon allon. Wani matashin malami daga baya ya ce a hankali, "Ranki ya daɗe, ai masu sayen ba su canza ra'ayi ba, farashin ne ya tura su sama a kan layin nasu." Ta yi shiru, ta goge jan layin da gefen hannunta, ta ce, "Shekara nawa ina faɗa wa yara haka." Ba wanda ya yi dariya, domin rabin ɗakin sun yi kuskuren nan a jarrabawar gwaji.

Wannan shi ne kuskure na ɗaya a darasin gaba ɗaya: rikita tafiya a kan layi da matsawar layin kansa. Ƙa'idar da malami zai riƙe ita ce, abin da ke rubuce a jikin layin tsaye, wato farashi, ba ya matsar da layin buƙata ko na samarwa, sai abin da ke wajen zanen.

Na biyu yana zanen kasuwar babakere, inda mai sayarwa ɗaya ne. Kafin a zana, a yi jadawali. A farashi 10 ana sayen 1, a 9 ana sayen 2, a 8 ana sayen 3, a 7 ana sayen 4, a 6 ana sayen 5. Jimillar ciniki ta zama 10, 18, 24, 28, 30. Abin da kowane ƙarin guda ya kawo kuwa 10, 8, 6, 4, 2. In samar da kowane guda yana cin 4, mai kayan zai tsaya a guda 4. To nawa zai sayar? Da yawa za su ce 4, domin nan layin cinikin ƙarin guda da na kuɗin samarwa suka haɗu. Amsar 7 ce, domin farashi daga layin buƙata ake karanto shi. Wanda ya cike jadawalin nan da hannunsa ba ya sake mantawa da dalilin da ya sa layin cinikin ƙarin guda yake ƙarƙashin layin buƙata.

Hattara: kada mai horarwa ya nuna zanen da aka riga aka gama a majigi. Malamin da ya koya daga gamammen zane haka zai koyar, kuma ɗalibansa za su haddace hoto ba tare da sanin wane layi ya fara motsi ba.

6. Wasan kasuwa

Awa ɗaya ya isa, kuma malamai za su ɗauke shi kai tsaye zuwa ajinsu. A raba mutum 12 gida biyu. Masu saye 6, kowa da kati mai nuna iyakar abin da zai iya biya: 14, 12, 10, 8, 6, 4. Masu sayarwa 6, kowa da kati mai nuna abin da kayan ya ci masa: 3, 5, 7, 9, 11, 13. Kowa ya ɓoye katinsa. Mai saye ribarsa ita ce lambar katinsa a cire farashin da ya biya, mai sayarwa kuma farashin a cire lambar katinsa. A buɗe kasuwa minti 3, kowa ya yi tayi da ƙarfi.

A takarda, guda 3 za a sayar a farashi tsakanin 8 da 9. Zagayen farko ba zai ba da haka ba, za a ga wani ya saya a 12, wani a 6. A maimaita sau 4 ko 5, farashin zai riƙa matsowa. Sannan a sa harajin 4 a kan kowane mai sayarwa. Yanzu guda 2 za a sayar, tsakanin 10 da 11. Malamai za su gani da idonsu cewa harajin 4 ya ɗaga farashi da kusan 2 ne kawai, sauran mai sayarwa ya haɗiye. Mai katin 10 da mai katin 7 kuwa sun koma kujerunsu ba ciniki, ribar 3 da suke rabawa a da ta ɓace, gwamnati ba ta samu ba, su ma ba su samu ba. Asarar da ba ta shiga aljihun kowa ke nan, wadda ake zanawa da alwatika a littafi.

Hattara: a rubuta kowane farashi a allo da zarar an ƙulla ciniki, kuma a maimaita zagaye. Edward Chamberlin ya gwada irin wasan nan da ɗalibansa a Harvard, ya buga sakamakon a 1948, inda mutane ke ciniki a gefe-gefe, kuma farashin bai zauna inda lissafi ya nuna ba. Vernon Smith ya sake shi da tayi a bainar jama'a da maimaita zagaye, ya buga a 1962, farashin ya zauna. Aikin da ya biyo bayan wannan ne ya kai shi ga kyautar Nobel a 2002. In ka bar su suna raɗa a lungu, wasan zai koyar da akasin abin da kake so.

7. Rana ta huɗu: tattalin arzikin ƙasa da alƙaluma na gaske

Da safe a gyara kurakurai uku da ke bin malamai daga hirar yau da kullum zuwa aji. Na farko, saukar hauhawar farashi daga kashi 9 zuwa 6 ba ya nufin kaya sun yi araha, har yanzu suna hawa, saurin ne ya ragu. Na biyu, kuɗin ruwa na kashi 12 a shekarar da hauhawa take kashi 9, na haƙiƙa kusan kashi 3 ne. Na uku, giɓin kasafi na shekara ɗaya ne, bashi kuwa tarin shekaru ne.

Sai ninkin kashe kuɗi. In mutane suna kashe 0.8 na duk ƙarin da ya shigo hannunsu, gwamnati ta kashe 100, a zagaya ɗaki: na farko ya karɓi 100, na biyu 80, na uku 64, na huɗu 51.2. A ci gaba har su gaji, sannan a nuna cewa jimillar tana dosar 500, wato 1 bisa 0.2 sau 100. A tambaye su me ya sa rage haraji da 100 yake ba da 400 kawai. Wanda ya gano cewa zagayen farko ne ya ɓace, ya fahimta.

Da rana kowa ya hau kwamfuta. Bankin Duniya yana da ma'ajiyar alƙaluman ci gaban ƙasashe kyauta. Asusun Ba da Lamuni na Duniya yana fitar da hasashen tattalin arzikin duniya a Afrilu da Oktoba. FRED, shafin alƙaluma na reshen babban bankin Amurka da ke St. Louis, yana barin mutum ya zana giraf a take. Aikin shi ne kowane mutum biyu su zaɓi ƙasa ɗaya, su sauke hauhawar farashi da rashin aikin yi na shekara 30, su zana, su yi bayani cikin jimla 5. Ɗaya daga cikin rukunan ya ɗauki Amurka ko Birtaniya daga 1960 zuwa 1985. Za su ga dangantakar da A. W. Phillips ya nuna a 1958, cewa in rashin aiki ya sauka albashi yakan hau da sauri, wadda daga baya aka faɗaɗa zuwa hauhawar farashi, ta wargaje bayan tashin farashin man fetur na 1973, lokacin da duka biyun suka hau tare. Daga nan zanen jimillar buƙata da jimillar samarwa yake samun ma'ana.

Hattara: tsofaffin takardun jami'a sun tsufa a babin kuɗi da banki. Da yawanmu an koya mana cewa banki yana jiran ajiya ne ya ba da rance, kuma babban banki yana juya komai da kason ajiyar dole, wato abin da ake tilasta wa banki ya riƙe daga ajiyar mutane. Babban bankin Ingila ya fitar da bayani a 2014 cewa rancen da banki ya bayar shi ke haifar da sabuwar ajiya. A Maris 2020 babban bankin Amurka ya mayar da kason ajiyar dole sifili, kuma manhajar AP ta ƙara bayanin yadda ake saita kuɗin ruwa a tsarin da bankuna ke da ajiya mai yalwa. A koyar da abin da manhajar bana ta ce.

8. Duba takardun ɗalibai

A samo amsoshin ɗalibai na gaske, hukumomi suna buga samfura tare da makin da aka ba su. A rufe makin, a raba amsa ɗaya ga kowa, kowa ya ba da maki shi kaɗai, sannan a rubuta a allo. Karon farko za a ga tazara mai ban tsoro, wani ya ba 3, wani 8, a takarda ɗaya. A bi tsarin ba da maki layi-layi har a gano inda aka rabu. A yi haka da amsa 6 aƙalla, daga mai kyau zuwa mai rauni.

A nan malami yake gane nauyin kalmomin umarni. Tambayar da ta ce a ambata, kalma ɗaya ta ishe ta. Wadda ta ce a bayyana tana neman sarƙar dalili, wannan ya jawo wancan, wancan ya jawo na gaba. Wadda ta ce a auna ko a tattauna tana neman ɓangare biyu da hukunci mai hujja. Malamai masu tausayi sukan ba da maki don yaro ya cika shafi. Mai duba jarrabawa na hukuma ba ya yi.

9. Rana ta biyar: koyarwar gwaji

Kowa minti 12, a kan batun da ya fi faɗi a jarrabawar gwaji. Kada a bar shi ya zaɓi wanda ya iya. Sauran su zama ɗalibai, kuma a ba mutum biyu katin kuskure a asirce, misali ɗaya ya nace cewa duk abin da ya yi tsada buƙatarsa ba ta da sassauci. Abin da ake dubawa shi ne ko malamin zai ji kuskuren, kuma ko zai warware shi da tambaya ko zai danne shi da tsawa.

Bayan kowanne, minti 5 na gyara: abu ɗaya da ya yi kyau, abu ɗaya da za a canza, shi ke nan. In an yarda, a ɗauki bidiyo da waya a ba mai shi kaɗai. Gwano ba ya jin warin jikinsa, amma mutum ya ga kansa ya juya wa aji baya minti 7 yana zane shiru, ba sai an gaya masa ba.

10. Jadawalin shekara

A fara daga ranar jarrabawa a ƙirgo baya. A ware mako 4 na ƙarshe don maimaici, a cire makonnin hutu da na jarrabawar makaranta, a bar mako 2 na ko-ta-kwana. Abin da ya rage shi za a raba wa batutuwa, gwargwadon nauyinsu a jarrabawa. Sabon malami yakan daɗe a babin buƙata da samarwa domin nan ya fi sakewa, sai watan ƙarshe ya zo ya cusa cinikin ƙasa da ƙasa da canjin kuɗi cikin kwana 10. A rubuta ranar gama kowane babi, malamai su yi gwajin ƙarshen babi iri ɗaya a mako ɗaya.

11. Bibiya cikin shekara

Zaman awa 2 sau ɗaya a wata, ko da ta bidiyo ne. Kowa ya zo da abu biyu: takardun ɗalibai 3 daga gwajin da ya wuce, mai kyau da matsakaiciya da mai rauni, da kuma batun da zai koyar wata mai zuwa wanda yake jin tsoronsa. Awar farko a duba takardun tare, ta biyu a zana babi mai zuwa a ƙananan alluna kamar ranar bita. Kowane zango mai horarwa ko abokin aiki ya shiga ajin kowane malami sau ɗaya, da sanarwa, ba da takardar ladabtarwa a hannu ba.

Hattara: zaman wata na uku shi ne yakan mutu, lokacin da aikin makaranta ya yi yawa. A sa ranakun duka a kalandar makaranta tun farkon shekara da sa hannun shugaba, kuma a rage wa malamin da ke koyar da darasin karon farko aji ɗaya daga nauyinsa in da hali, domin shirin kowane darasi zai ci masa ninkin lokacin da ya saba.

Idan sakamako ya fito, a nemi rahoton da hukumar ke bayarwa a kan yadda ɗalibai suka yi a kowane batu, da rahoton masu duba jarrabawa. A ɗauko jadawalin nan na mataki na 2, a ajiye su gefe da gefe. Batun da malamai suka faɗi a kai kuma ɗalibai suka ci, a rage masa lokaci a bitar baɗi. Wanda duka biyun suka faɗi, shi za a ba ranar farko, kuma malamin da ajinsa ya fi yin kyau a kansa shi zai riƙe alƙalamin allo.